Rasuwar Mai Ido Uku, Wayar Dyado Rangel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben aljihu yana tarar da shi wayam, Dyado (wato Kaka) Rangel Stoimenov na ƙauyen Lipen Dol yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayuwa a gabansa har ƙafa ta sage ana ce masa kada ya motsa, cewa wayarsa, wadda kowa ya sani da Mai Ido Uku, ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakar gidansa, cikin tukunyar lutenitsa, miyar nan ta tattasai da tumatir, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa.

Masu karanta wannan takarda a jikin bishiyar gaban shago da bangon coci su yi haƙuri da filin da suka gani a samanta, inda ya kamata a sa hoto. Mun san ba a yin haka a garin nan. Takardar mutuwa babu fuska ai ta wanda ba shi da kowa ce. To amma marigayiya ita ce ke ɗaukar na kowa, ba a taɓa samun wanda ya ɗauki nata ba.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa, inda ba mu san ta da dangi ba. Ta iso garin nan cikin kwali, a jakar Gergana, 'yar Dyado Rangel da ke aiki a Sifen, wadda ta kawo ta don iyayenta su riƙa ganin jikokinsu suna girma. Da Gergana ta san abin da ta jawo wa ƙauyen nan, da man zaitun ta sayo ta huta. Mahaifin nata ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa hukuma awon filaye, mutum ne da karkataccen layi ke hana shi cin abinci. A makon farko ya gano cewa in aka taɓa wani wuri, layuka na fitowa su raba fuskar wayar gida tara. Tun daga ranar bai sake kallon wani abu a duniya ba sai ta cikin layukan nan.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai biyayya, marar yawan magana. Kalmarta ɗaya ce, ƙyas, kuma takan faɗe ta daga safe har yamma ba ta ƙosa ba. Ta jure guga. Ba ta taɓa fitowa daga aljihu ba sai an hura mata iska a ido an murje da gefen riga, domin a cewar mai ita rabin munin hotunan duniya maiƙon yatsa ne. An jingina ta da tulin littattafai, an ɗaure ta a sandar wake don ta ɗauki faɗuwar rana, an kwantar da ita cikin raɓa don ta ga kabewa daga ƙasa. Ta ɗauki tumatir guda ɗaya a hasken safiya, ta sake ɗaukarsa da azahar, ta koma masa da la'asar, ba ta taɓa tambaya ko wani abu ya same shi a tsakani ba.

Ta dalilinta garin nan ya koyi dokoki, ko ya so ko ya ƙi. Rana a bayan mai ɗauka take zama, ba bayan wanda ake ɗauka ba. Bidiyo a kwance ake yinsa, wanda ya yi shi a tsaye leƙen tsagar ƙofa yake yi. Walƙiyar waya ta masu neman kyankyaso ce a ƙarƙashin gado. A manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a riƙe numfashi. Babbar doka kuwa, wadda ba ta da sassauci ko ga limamin coci, ita ce ba a jawo abu da yatsu, don hoto rugurgujewa yake yi. "Allah ya ba ka ƙafa," in ji Dyado Rangel. "Matsa kusa."

A biki ko baftisma, in ka kuskura ka ɗaga taka wayar, sai ka ji hannu a kafaɗa.

"Mu gani. Kai, ka yanke wa amarya ƙafa, ka sa bishiya ta tsiro a kan ango. Goge, goge, kada a gani a birni a ce ɗan Lipen Dol ne ya ɗauka. Bari, ni zan ɗauka in turo maka."

Sannu a hankali mutane suka daina wahalar da kansu. Wa zai yi gasa da mai ido uku? Ko Gergana in ta zo hutu, a jaka wayarta take zama, tana jiran mahaifinta ya gama gyara hotunan ya turo mata. Har yanzu jira take.

Babban aikin alherin marigayiya a kan tsofaffin garin nan ta yi shi. Kowa ya san ba wanda yake so a bar wa 'ya'ya zaɓen fuskar da za a manna masa a ƙofa ranar da ya tafi, don 'ya'ya cikin gigita duk abin da hannu ya taɓa shi suke kai wa mai buga takarda. Saboda haka tsofaffi sukan sa kayan zuwa coci, su taje abin da ya rage na gashi, su zo su zauna a gefen tagar Dyado Rangel inda haske ke faɗowa daidai. Marigayiya ba ta taɓa mayar da kowa ba.

Ba za a ɓoye ba, tana da rauni guda, shi ma na kirki ne: ba ta son faɗa wa mutum gaskiyar shekarunsa. Da halin ta zo daga gidansu, kuma an daɗe kafin a gano inda ake kashe shi. Dyado Parvan mai kiwon zuma ya haura tamanin lokacin da ya zauna a gabanta, fuska duk tamoji, amma ta fito da shi sumul, kunci har sheƙi yake. Parvan ya duba, ya ce ai shi dama haka yake ganin kansa. Da ya rasu aka manna takardar, mutanen ƙauyen gaba suka taso da furanni don su yi wa Parvan ta'aziyyar ɗansa. Ɗan ne ya buɗe musu ƙofa. Sai da aka yayyafa wa wata mata ruwa.

Hoton mutane bai taɓa yi wa Dyado Rangel wuya ba. Ƙyas, ƙyas, ya ce ya isa, a kira na gaba. Mutum ɗaya ce hotonta bai taɓa isa ba, ita ce matarsa Velika. Maƙwabta ta kan katanga suna jin yadda ake yi.

"Velika, juyo. A'a, haɓa sama kaɗan. Ki daina dariya mana."

"To kai ne ka tsuguna kamar kaza za ta saka ƙwai. In yi yaya?"

"Kin motsa. Ya lalace."

"Rangel, wake zai kama. Ajiye farantin nan ka kalle ni da idon da uwarka ta haife ka da shi, kyauta ne."

Ita Velika ba ta iya dariya da baki kaɗai ba, sai kafaɗunta sun taya ta, shi ya sa duk hoton da ta yi dariya a ciki dishi-dishi yake fitowa. Da yamma Dyado Rangel yakan sa tabarau ya zauna yana tacewa. Wannan ta motsa. Wannan ta rufe ido. Wannan akwai bokiti a baya. A nan za a shaidi marigayiya da gaskiya: ba ta taɓa goge hoton Velika ba sai ta tambaya cikin ladabi ko ya tabbata. Shi ne yake cewa ya tabbata.

Abu ɗaya Velika ta taɓa roƙonsa a kan hoto, shi ma tana feraye dankali ta faɗa.

"Ran da na mutu, in ka manna mini hoton katin shaidata a ƙofa, wanda na fito kamar an kama ni da akuyar sata, Allah shaida ne sai na dawo na yage shi."

"Haba," in ji shi. "Ni da nake da Mai Ido Uku?"

Bara da kaka, Velika ta ce kanta na ciwo bayan abincin rana, ta ɗan kishingiɗa, ba ta tashi ba. Takardar mutuwa ba ta jira, a ranar ake buga ta. Dyado Rangel ya zauna a bakin gado da waya a hannu yana ta turawa da yatsa, wannan da inuwa, wannan ya karkace, ya rasa wanda ya isa ya tsaya a madadinta. Hoton aurensu ba zai yi ba, yarinya ce a ciki cikin mayafi, an hana ta murmushi, ba fuskar da gari ya sani ba ce. A ƙarshe Gergana ta kira maƙwabciyarsu Lelya Tsonka daga filin jirgi, ta ce ta buɗe aljihun tebur ta ɗauki katin shaida ta kai. Shi aka manna. Ranar arba'in ma shi aka sake mannawa, don mai zaɓe bai gama zaɓe ba. Dyado Rangel ya shekara yana shiga gidansa da kai a sunkuye don kada su haɗa ido da ƙyauren ƙofa. Ya rantse a gaban limamin coci Fada Metodi cewa takardar cikar shekara za ta fito da fuskar Velika ta gaskiya. Cikar shekarar Asabar ɗin nan ce mai zuwa.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Gergana ta yi magana har bakinta ya bushe.

"Tate, ka bari in kunna maka ajiyar nan ta intanet. Ko wayar ta lalace, hotunan suna nan."

"Suna nan ina?"

"A sama, Tate. A wurin kamfani."

"Ke yarinya ce. Ni na girma a zamanin da in ka yi atishawa a ɗakinka, gobe ka tarar an rubuta a ofis. Yanzu da hannuna in kai musu fuskar uwarki su ajiye?"

"To ka kai a wanke maka su a birni."

"Mai wankin nan ja yake sa wa fuska. Sai na gama zaɓe."

A cikin shekarar nan ne ciwon marigayiya ya tsananta. Ciki ya fara cika mata, ba a buɗe ta sai ta ce ba wuri, a goge wani abu, kuma mai ita ba ya iya rabuwa da tumatir. Batir ya kumbura har bayanta ya ɗaga. Ba ta iya zuwa shago ta dawo ba tare da an jona ta ba, in sanyi ya taɓa ta sai ta suma a tsakiyar aiki. Wata tsagewa da ta samu a gonar inabi ta yi ta tafiya a fuskarta har ta kai ƙarshe. Da yamma akan ji kukanta daga kan tebur, ɗin-ɗin, ɗin-ɗin, a hankali, kamar mai jin kunyar damun mutane. Duk da haka ba ta taɓa ƙin ɗaukar hoto ba.

Ranar Talata Lelya Tsonka ta shigo taya shi dafa lutenitsa, tunda mai dafawar ba ta nan kuma tattasai ba ya jiran a gama makoki. An gasa, an ɓare, an niƙa da tumatir, an ɗora babbar tukunya a tsakar gida. Dyado Rangel yana cikin walwala, don ya yanke shawara washegari zai hau motar safe ya kai hoto a buga. Sai ya ɗaga kai ya ga tururi yana tashi cikin hasken hantsi, ja yana tafasa a ƙasa. Ya ce wannan kam sai Gergana ta gani, ta san gidan bai mutu ba. Ya ciro marigayiya, ya kwantar da ita yadda doka ta ce.

"Daga nan ma ai kana gani," in ji Tsonka tana juya muciya. "Jawo shi da yatsa mana, kamar kowa."

"Ba a jawowa."

"Rangel, abin nan tsartuwa yake yi."

"Ki riƙe muciyar cak, kina ɓata mini layi."

Ya matsa. Ya ƙara matsawa. Tururi ya rufe idanun nan uku, ya juyo da ita don ya goge da hannun riga, daidai nan wani kumfa ya fashe a kan yatsunsa. Abin da aka ji na ƙarshe daga gare ta shi ne tsulum. Tsonka ta shaida cewa ta ga haskenta ya kawo sau ɗaya a ƙarƙashin jan, sannan ya ɗauke.

An yi iya abin da za a yi. An tsamo ta da ludayi, an wanke, an binne ta cikin shinkafa kamar yadda masana suka ce, shinkafar ta yi ja, ita ba ta farfaɗo ba. Washegari Dyado Rangel ya hau motar safen da ya yi niyya, sai dai ba wurin mai wankin hoto ya nufa ba. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce wadda ta yi girkin ta iya, amma wayar kam sai haƙuri.

"Wayar ba ta dame ni ba, ɗana. Abin da ke ciki fa?"

"Kana ajiya a sama, Dyado?"

Dyado Rangel ya karɓi wayar. Ya naɗe ta cikin hankicinsa ya sa a aljihun ƙirji, ya zauna a tasha har motar yamma.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, wadda sai an lanƙwasa mata wuya take aiki, da rigar roba da ta saki jiki, da tagwayen abin saurare na kunne, ɗaya kurma tun yana ƙarami. Ta bar sanda mai ƙafa uku da ke tsaye a lungu ba ta san an yi rasuwa ba, da ƙyallen goge ido, da kwalinta na haihuwa a saman kabad. Dukiya kuwa ba ta bari ba, don duk abin da ta tara ta tafi da shi: tumatir, kabewa, faɗuwar rana, bukukuwan mutanen da ba a tura musu ba, da 'yan hotunan Velika da suka tsallake tacewa, tana zaune cak a gefen taga kamar yadda aka umarce ta.

Ta kuma tafi da wani hoto guda da ya kamata a ce an goge shi tuntuni. Dyado Rangel ya bar shi ne don koyarwa, yakan nuna wa mutane ya ce su dubi yadda ba a ɗaukar hoto. Rana a bayanta take, katanga ta karkace, hannu ɗaya ya zama hayaƙi saboda motsi, ga ta tana ƙyaƙyata dariya don ya taka shukar tumatir yana ja da baya. A shekarar nan kullum da safe sai ya buɗe shi yana shan kofi. In Tsonka ta leƙo ta kan katanga, ya ce kurakuran yake nazari. Shi ne wanda ya yi niyyar kaiwa a buga.

Iyalai suna godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Suna godiya ga Lelya Tsonka, wadda ita ma ta yi rashi, don tukunya guda aka juye a bayan shinge, kuma ta ce garin neman gira an rasa ido, sannan ta tafi ta dawo da burodi da cuku ta zauna har ya ci. Suna godiya ga Fada Metodi, wanda aka roƙa ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Rangel, na duba littafina gaba da baya, babu addu'ar waya." Ya kuma hana maƙabarta. Amma ya ce zai zo a matsayin maƙwabci, ba da rigar aiki ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan abincin rana, a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan gidan, lokacin da rana ta sauka haske ya yi laushi. Za a sa marigayiya cikin kwalinta. Za a ba da banitsa, burodin nan mai cuku, da 'yar giyar gida da ake kira rakiya. Ba za a raba dafaffiyar alkama ba, wannan ta Velika ce, an tanade ta don Asabar. Gergana za ta iso ranar Juma'a, kuma ba a faɗa mata ba tukuna, don haka wanda yake da lambarta ya kama bakinsa.

Kada a zo da furanni. Abin da mai makoki yake roƙo shi ne kowa ya zo da wayarsa, har da tsofaffin da aka jefa a aljihun tebur, da duk wani hoton biki ko baftisma da ya tsira daga hannunsa. Wanda ya taɓa cewa ya goge alhali bai goge ba, ya zo, ba za a yi masa faɗa ba, za a sumbaci hannunsa. A duba bayan amare, a duba gefen tukwane, a duba inda mata ke tsaye suna raba abinci. Ko rabin fuska ne, ko daga nesa ne, ko an jawo shi da yatsu har ya rugurguje, a kawo. Mai buga takarda ya ce zai jira har safiyar Juma'a, in ba a samu ba zai sake sa na katin shaida.

In an samu wanda take dariya a ciki, a fara nuna masa shi tun a bakin ƙofa. Kunci ɗaya ne ke loɓa mata in ta yi dariya. Dyado Rangel ya san ta wane gefe katangar nan ta karkace, ya san inda rana ta cinye gashin, amma tun ranar Talata yake ƙoƙarin tuna ko kuncin dama ne ko na hagu, ya kasa.